Fentin ruwa ya dawo mini da natsuwa, amma a gida ana cewa wasan yara ne

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, shekaruna 38, ina da aure da 'ya'ya huɗu. A ƙauye na tashi, can ƙasar Haɗeja. Mahaifina manomi ne, Allah Ya yi masa rasuwa bara da damina, kuma tun daga lokacin ƙirjina a cunkushe yake. Daga asibiti sai gida, daga gida sai waya, har nakan yi mako ban ɗaga kai na kalli sama ba. Wata 3 da suka wuce na saya wa 'yata akwatin fentin ruwa na 'yan makaranta. Ran nan da yamma na ɗauka ina taɓawa, sai na zana reshen darbejiyar ƙofar gidanmu. Wallahi Anti, rabon da in ji natsuwa irin ta ranar tun ina bin Baba gona yana faɗa mini sunayen itatuwa. Daga nan na riƙa yi a kai a kai.

To amma maigidana ya ce wasan yara ne, mace mai 'ya'ya huɗu da aiki a gabanta ina ta ga lokacin shafe-shafen kala, kuma kada in ɓarnatar da kuɗi. Ba faɗa yake yi mini ba, sai dai dariyarsa tana sa ni jin kunya. Yayarsa kuma da ta zo ta gani ta ce zane haramun ne, in ji tsoron Allah. Ga shi abin da nake zanawa ba ya kyau: takarda ta lanƙwashe, launuka su cakuɗe su koma kamar ruwan kwata. In na ga na mutanen intanet sai in ji kamar in watsar da kayan. Kuma a cikin birni ina zan ga daji? In ci gaba ko in haƙura?

Daga wata 'yar'uwa a Kano (an sakaya sunanta)

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma amsar tambayarki ta ƙarshe ba ta da tsawo: ki ci gaba. Abin da ya rage mu duba shi ne yadda za ki ci gaban ba tare da kin ɓata da kowa ba, ba kuma tare da kin karaya ba.

Inda kika ce rabonki da natsuwa tun kina bin Baba gona, nan na fi daɗewa. Wadda ta tashi a ƙasar Haɗeja, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da bango ba, aka kawo ta tsakanin katangar asibiti da ta gida, dole wani abu ya riƙa damunta ko da ba ta san sunansa ba. Baba ya koya miki kallon itace: wannan marke ne, wannan kanya, waccan aduwa. Da ya tafi sai kallon ya bi shi. Ranar da kika zauna gaban darbejiyar nan, sai da kika ƙirga ganyen reshen, kika lura da inda ya lanƙwasa da inda rana ta faɗa a kansa, domin hannu ba ya iya zana abin da ido bai tsaya a kansa ba. Wannan tsayawar ce ta sanyaya miki rai, kuma ita nake so ki riƙe ko zanen ya yi kyau ko bai yi ba.

Bari in fara da maganar yayar maigida, domin ita ce ta fi nauyi a zuciyar mumini. Kada ki riƙe ta a rai. Na fi kyautata zaton tsoron Allah ne ya sa ta faɗa, kuma akwai hadisai ingantattu masu tsananin gargaɗi a kan suranta abu mai rai. Sai dai maganar tana da iyaka, kuma iyakar ta zo a cikin hadisan kansu. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce masa da zanen surori yake cin abinci. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan ya ce in dai lalle sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. A kan wannan ne jumhurun malamai suka halatta zanen itace da dutse da ruwa da gajimare, wato daidai abin da ranki yake so. Ki kuma buɗe Suratu Faɗir, aya ta 27, ki ga yadda Allah Ya ja hankalinmu ga 'ya'yan itatuwa masu launi daban-daban, da duwatsu masu zane-zanen fari da ja da baƙi ƙirin. Lura da launin halitta abu ne da aka kira mu zuwa gare shi.

Shawarata, kada ki tsaya ja-in-ja da ita. In ta sake zuwa, ki nuna mata littafinki da kanki, ki ce, “Yaya, na ji maganarki na bincika, ga abin da na samu, kuma itatuwa da sama kawai nake zanawa.” Ta ga an ɗauki maganarta da daraja, ke kuma kin tsaya a kan hujja. Idan wata rana tsuntsu ya ba ki sha'awa, ki zana gashinsa da ya faɗo ko sheƙar da ya bari, ki rubuta a gefe yadda kika ga yana yi. Abin da ya wuce haka, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa.

Sai maigida. Kin ce ba ya faɗa, dariya yake yi, kuma na san dariya takan fi faɗa ciwo. Amma ki dubi abin daga inda yake tsaye. Shi abin da ya gani shi ne matarsa zaune da akwatin kalar 'yarsu ta firamare. Bai ga gonar Baba ba, tunda ba ki nuna masa ba. Mai yiwuwa kuma shekara guda ke nan yana ganin kin yi sanyi, bai san ta inda zai taɓa ba, sai ya fake da zolaya. Maza da yawa haka suke in abu ya fi ƙarfin bakinsu. Maganar kuɗi da lokaci da ya kawo ma ba ta banza ba ce a wannan zamani, gida mai yara huɗu.

Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara sun kwanta, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, da kalmomin da kika faɗa mini: tun rasuwar Baba ƙirjina a cunkushe yake, wannan abin ne ya fara sassauta shi, kuma dariyarka tana sa ni jin kunya. Sannan ki cire masa fargaba da lissafi a fili. Ki ce minti 20 ne, sau 3 a mako, bayan la'asar ko ranar da ba ki da aiki, kuma ga ɗan abin da za ki ware daga albashinki duk wata, ba za ki wuce shi ba. Ki cika alkawarin kuwa, kada tukunya ta ƙone saboda ganye. In kin ga fuska, ki jawo shi ciki: ki tambaye shi itatuwan garinsu, wanda suka hau suna yara, wanda aka hana su zama a ƙarƙashinsa. Da wuya ki sami Bahaushen da ba shi da labarin wata tsamiya ko wata kuka. Idan duk da haka ya ƙi, kada ki koma yi a ɓoye, domin ɓoyon zai ci natsuwar da kike nema. Ki sassauta na ɗan lokaci, ki riƙe fensir da ƙaramin littafi a jaka don lokacin hutunki a wurin aiki, ki shuka zogale ko na'ana'a a tsakar gida ki riƙa kula da su, sannan ki sake tayar da maganar, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya taya ki.

Yanzu ga maganar takarda mai lanƙwashewa da launi mai kama da ruwan kwata. Ƙanwata, rabin laifin ba na hannunki ba ne. Takardar rubutu da ta hoto mai kwafi nauyinta giram 70 zuwa 80 ne a murabba'in mita, ba a yi ta don ruwa ba, ko wane gwani ya jiƙa ta sai ta tattare. Takardar fentin ruwa da aka fi amfani da ita giram 300 ce, mai kauri da ɗan kaushi, kuma mafi kyawunta da auduga ake yi. In kuɗin abu ɗaya kawai kike da shi, takarda za ki saya kafin fenti. Ki yanka babban falle gida 8, ƙanana kamar tafin hannu biyu, ki manne gefensu huɗu a jikin katako da salatif na takarda, kada ki cire sai ta bushe ƙarau. Bayanta ma ana zane a kai. Buroshi ɗaya mai zagayayyen baki da tsini, lamba 8 ko kusa da haka, ya ishe ki shekara. Fentin yara kuma an cika shi da gari mai kama da alli, shi ya sa yake bushewa fari-fari. In hali ya yi, ki nemi na masu koyo, irin Cotman na kamfanin Winsor & Newton. Ba sai mai launi 24 ba: ja da ɗorawa da shuɗi da ruwan ƙasa sun isa. Shuɗi da ɗorawa su ba ki kore, ja da ɗorawa su ba ki ruwan goro, in kuma koren ya cika ƙyalli sai ki ɗiga masa ja kaɗan ya koma irin na ganyen gaske. Ɗaliban sashen zane na jami'o'i, kamar na Ahmadu Bello a Zariya, sun san inda ake samun waɗannan kaya da sauƙi, ki tambaya ta hannun wanda kika sani. Ki kiyaye abu ɗaya: kada ki lashi bakin buroshi, kada kuma ƙananan yara su kai fentin manya baki, domin wasu launukan da ma'adinai masu cutarwa ake haɗa su.

Cakuɗewar launi kuwa dalilanta sanannu ne. Ko an haɗa launi fiye da 3 wuri ɗaya, ko ruwan wanke buroshi ya yi datti, ko an koma kan wurin da bai bushe ba ana gogawa. Na ukun nan shi ya fi kama masu koyo, musamman masu son gyara. Ki ajiye kofi biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ruwa mai tsabta, da tsumma a gefe. Ki fara da launi mai haske, tsararo kamar ruwan shayin da bai ji ganye ba, ki shafa sau ɗaya ki ɗauke hannu. Sai ya bushe sannan ki ɗora mai duhu a inda inuwa take. Ana tafiya ne daga haske zuwa duhu, kuma farin da ke cikin zanen farin takardar ne, don haka inda rana ta haska ganye sai ki bar wurin ba ki taɓa ba. Ki sani kuma launi yakan yi haske in ya bushe fiye da yadda yake a jiƙe. Yanayinmu ma yana da hannu: da hunturu kafin ki waiga takarda ta bushe, sai ki haɗa launi mai yawa tun kafin ki fara, ki yi aiki a inuwa. Da damina kuwa sai kin jira. Wannan jiran kada ki cike shi da waya. Ki ɗaga kai ki sake duban itacen.

Akwai abin da nake jin zai faranta miki rai, ke 'yar manomi. Fentin ruwan nan da kike gani kamar baƙo daga Turai, garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron nan dai na dakwara, wanda ake tsinta a dazukan Borno da Yobe da Jigawa, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi. Shi ne kuma malaman tsangaya ke sawa a tawada don ta kama allo, da shi ake ƙawata allon zayyana na masu sauka. Ashe ke nan sana'ar ba ta yi nisa da gida ba. Launukan ruwan ƙasa da ke cikin akwatunan masu tsada ma ƙasa ce zalla mai tsatsar ƙarfe a cikinta, har ɗaya daga cikinsu sunan garin Siyena na Italiya ya ɗauka. Za ki iya yin naki. Ki ɗebo jar ƙasa, ki daka, ki dama da ruwa, ki bari yashi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman mai launi a wani kwano. In ya kwana zai kwanta, sai ki zubar da ruwan ki shanya laushin. Ki jiƙa ƙaro awo ɗaya a ruwan ɗumi awo 2 har ya narke, ki tace, ki kwaɓa garin da shi a kan faranti da bayan cokali, ki sa ɗigon zuma don kada ya bushe ya tsattsage. Ki zuba a murfin kwalba. Zobo da ganyen shayi da gangamau su ma suna ba da launi, yara za su ji daɗin ganin zobo yana sauya kama in an ɗiga masa lemun tsami ko ruwan kanwa, sai dai launin tsiro yana koɗewa a rana, na ƙasa kuwa yana daɗewa. Ranar da kika je gida, ki ƙullo ƙasar gonar Baba a leda.

Kin tambaya ina za ki ga daji a birni. A shekarar 1503 wani mai zane ɗan Jamus, Albrecht Durer, ya zana da fentin ruwa wani ɗan curin ciyawa irin wadda ake takawa a gefen hanya, ganye bayan ganye, har da saiwa da laka. Fiye da shekara 500 ke nan, zanen yana nan a ajiye a gidan tarihi na Albertina da ke Biyana, babban birnin ƙasar Austriya. Ciyawa ce kawai, ya dube ta da kyau. Ke kuwa kina da darbejiya a ƙofar gida. Ki mai da ita malamarki shekara guda: sabon tohonta da ke fitowa ja-ja kafin ya koma kore, ganyenta mai baki kamar zarto da lanƙwasa kamar lauje, ƙananan fararen furanninta masu ƙamshi, 'ya'yanta da ke tashi daga kore zuwa ɗorawa. Kowane zane ki rubuta kwanan wata a ƙasansa da layi ɗaya: yau akwai hazo, yau an yi ruwa da asuba. Kwandon cefanenki ma gona ce. Ki tsaga albasa ko kuɓewa ki dubi cikinta, ki ajiye tattasai a bakin taga. Sama kuma ba a gina mata katanga ba. Hadarin da ke tasowa daga gabas da yammaci a watan Agusta, da jar ranar hunturu da ƙura ke dusashe haskenta, babu abin da ya fi su dacewa da wannan fenti: ki jiƙa takardar da ruwa zalla, ki ɗiga launi, ki bar shi ya bazu da kansa. In maigida ya sauko, wata ranar hutu ku ɗebi yara ku je gindin Dala ko Goron Dutse, ko bakin dam ɗin Tiga. Kada dai ki fita bayan gari ke kaɗai, zamanin ba na haka ba ne.

Na mutanen intanet kuwa, abin da suke nunawa zaɓaɓɓe ne daga cikin tarin da suka ɓata, bayan shekaru suna yi, ke kuma wata 3. Ki kalli darasi ɗaya a YouTube a mako don koyon dabara ɗaya, ki rufe. Kada ki saka naki a ko'ina tukuna, kada kuma ki yaga ko ɗaya. Ki tara su a ambulan. Bayan wata 6 ki shimfiɗa su a tabarma bi da bi, da zanenki na jiya za ki auna na yau.

Abu ɗaya ba zan tsallake ba, ke ma ma'aikaciyar lafiya ce kin san shi. Fenti yana sassauta ƙunci, amma idan cunkushewar ƙirjin nan ta zo da rashin barci, ko rashin cin abinci, ko kuka ba dalili, ko jin rayuwa ta fita a ranki, har makonni suna tafiya, to ki ga likita kamar yadda za ki tura mara lafiyarki. Masu jinyar wasu su ne suka fi jinkirin kai kansu. Ki kuma riƙa kiran Inna da 'yan'uwanki kuna hirar Baba, kada ki bar wa takarda ita kaɗai wannan nauyin.

In kin je Haɗeja da kaka, ki tafi da littafinki. Ki sa yayanku ko ƙanenku ya raka ki gonar, ya nuna miki itacen da Baba ke hutawa a gindinsa. In gawo ne, za ki tarar yana sabon ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu, domin shi da damina yake tsayawa tsirara, da rani yake yin inuwa, shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Ki zauna inda Baba ke zama, ki yi masa addu'a, sannan ki jiƙa ƙasar gonarsa ki zana itacen da ita. Ki rubuto mini ki faɗa mini wane itace ne. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya miki zuciya, Ya ƙara muku zaman lafiya ke da maigida.